Daɓen Katako Ba Ya Son Ruwa

'Yan'uwa manoma, wasu ƙungiyoyinmu suna da sito mai daɓen katako, inda ake jera buhunan masara da gyaɗa don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Ranar shara sai a kwara masa ruwa da bokiti, kamar daɓen siminti. Mu dai ba mu yarda da irin wannan tsabta ba.

Katako yakan sha ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsage. Damshin da ya kwanta a ƙarƙashi kuwa, shi ke kiran gara. Tsintsiya mai laushi ta isa. In wani abu ya zube, a goge da tsumman da aka matse sosai.

Da hunturu za ku ga katakan sun buɗe baki. Kada a cusa siminti, damina za ta rufe su. Sau ɗaya a shekara, kafin a shigo da sabon amfani, a shafa narkakken kakin zuma, wanda masu amya a cikinmu sukan zubar a banza. Baƙin man mota kam a bar shi waje, warinsa yana kama hatsi.

Katako mai ƙwari irin na maɗaci da maɗobiya yana wuyar samuwa yanzu. An sare maɗobiya ana kai wa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ba a fita da su sai da izini. In namu ya ruɓe, da me za mu musanya shi?

Kowane kwamiti ya naɗa mutum guda mai leƙa ƙarƙashin daɓen wata-wata, yana karya hanyar gara.