HULAR KWANO DA BUHUN WAKE

Jama'a, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tashoshinmu da rumfunan kasuwa, tun daga Gazara har Makarfi, daga Ikara har Hunkuyi. In an zauna ana shan rake, sai ka ji wani ya ce dokokin nan na kiyaye lafiya duk dabarar cin kuɗin talaka ce, baligi mai hankali ya san abin da zai cuce shi, a bar shi da hankalinsa. Wani kuma ya ce ina, mutanenmu ba su jin magana sai da bulala, a ƙara doka, a ƙara tara. Mun saurari su duka biyu, mun ga ko wanne ya riƙe rabin gaskiya ya yar da rabi. Saboda haka yau za mu ɗauko abu biyu da kowa ya sani, watau hular kwano da buhun wake, mu auna maganar a kansu.

Mu fara da hula. Ran 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa duk mai hawa babur, da wanda ya goya, su sa hular kwano. Kafin mako ya zagayo labari ya kai har Ingila, cewa a Kano an kama 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, waɗansu kuma a wasu garuruwa sun kifa tukunya ko bokitin fenti. A Kaduna 'yan acaɓa suka yi jerin gwano suna kukan tsadar hula. Fasinjoji kuma suka ƙi sawa, wannan ya ce yana tsoron makero da ƙwarƙwata, wancan ya ce yana tsoron a yi masa asiri a cikin hula. Duniya ta yi mana dariya, mu ma muka yi wa kanmu. To, yau wanda ya tsaya a Tashar Yari ranar kasuwa ya ƙirga baburan da ke wucewa, nawa zai gani da hula a ka?

Laifin wa ke nan? Ba za mu rufa wa hukuma asiri ba. Wanda ya zauna a ofis ya rubuta doka, bai tambayi nawa ɗan acaɓa ya ke samu a yini ba, bai tambayi nawa ya ke kai wa mai babur da yamma ba, bai kuma tanadi hula mai araha a kasuwa ba kafin ranar kame. Sai aka wayi gari buƙata ta yi yawa, kaya kuwa kaɗan, ko wane ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Dokar da aka kafa ba tare da an duba aljihun wanda za ta hau kansa ba, ƙarshenta ta zama shinge a kan hanya, a miƙa abin goro a wuce. Daga nan talaka ya kan ɗauka cewa hular don mai kaki a ke sa ta, shi ya sa in ya hango shinge ya kifa, in ya wuce ya rataye ta a hannun babur.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙwarya tana iya ruɗin mai kaki da dare, ba ta ruɗin kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2006 cewa hula mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, tana kuma rage mummunan rauni a ka da kusan kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya ce kaina ne, ba ruwan kowa, muna tambayarsa: ranar da aka kwashe ka zuwa Shika, akuyar wa za a sayar? Gonar wa za a jinginar? Wa zai ciyar da matarka da 'ya'yanka? Matar da ka goya da jariri a baya, ita ma kanta naka ne? Wanda ya ɗora buhun masara biyu, da mutum biyu, da damin rake a babur ɗaya, ya kuma hau hanyar Zariya zuwa Kano yana tsere da tirela, bai buƙaci kowa ya karanta masa doka ba. Idonsa ya gaya masa, shi ne ya ƙi ji.

Haka kuma abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoba 2024, inda tankar mai ta faɗi, mutane suka taru suna kwasa, wuta ta tashi ta ci rayuka fiye da 150. Allah ya jiƙansu. Mun san tsadar mai da talauci ne suka tura da yawansu, wannan kuwa yana wuyan waɗanda ke mulki. Duk da haka ba wata doka da za ta iya tsayawa tsakanin mutum da man da ke malala a kwata cikin dare, sai hankalinsa, sai kuma dattijon da zai daka wa yara tsawa ya kore su. A irin wannan wuri, inda haɗari ke fili ido na ganinsa, masu cewa a yi aiki da hankali sun yi gaskiya. Abin da ya rage shi ne a yi aikin da shi.

To, mu koma rumfar 'yan hatsi, a nan ne maganar ta ke juyawa. Ƙasar nan ta fi ko wace ƙasa a duniya noman wake, kowa kuwa ya san wake ba shi da maƙiyi kamar ƙwaro. Buhun da aka ajiye da kaka, in ba a yi masa dabara ba, kafin bazara ya zama gari. Don gudun hasara sai waɗansu daga cikinmu suka shiga yayyafa wa wake fiya-fiya, ko irinsa na kwalba da a ke kira Sniper, su gauraya su ɗinke buhu. Maganin nan dafi ne. Wanda ya shiga cikinsa da yawa ya kan yi amai, da gumi, da dalalar miyau, numfashi ya sarƙe, wani ma ya rasu.

Yanzu ku dubi matar da ta zo awo da kwanonta. Ta ɗebi wake ta duba, ta ga fari tas, ba huda ko ɗaya. Hankalinta ya gaya mata wannan shi ne mai kyau, ta bar mai ɗan ƙwaro ta sayi wannan, har da ƙarin kuɗi. Ashe mai ƙwaron ne lafiyayye. Ina amfanin hankali a nan? Ba ta da abin awon dafi, dafin kuwa ba ya nuna kansa a ido. Ta kai gida ta yi ƙosai ko alala, ta sayar wa 'yan makaranta. Wanda ya zuba maganin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, haɗarin ya sauka a cikin ɗan wani.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2008 an kwashi ɗalibai fiye da ɗari na makarantar 'yan mata ta Doma a Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake da aka yi zargin an adana shi da maganin ƙwari. A Yuni 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya, domin da suka auna sun sami irin wannan dafi ya haura ƙa'idarsu nesa ba kusa ba. Su sun yarda da miligiram 0.01 a kilo ɗaya, amma a wani waken namu an sami har 4.6, watau ninki 460. A 2016 suka ƙara wa'adin hanin da shekara uku. Ku lura, jama'a, Bature ya auna ya ƙi ci. Waken da ya ƙi bai koma gona ba, irinsa ne a ke aunawa a kasuwanninmu. A ƙarshen 2018 aka yi ta yawo da hoton waɗansu 'yan kasuwa suna zuba wa wake Sniper, sa'an nan a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa da kantuna.

Ga inda mu ka tsaya. Abin da ido ke gani, haɗarinsa kuma ya fara da kai, hankalinka ne liman, doka tana bin sahu. Abin da ido ba ya gani, haɗarinsa kuma ya sauka a kan wani, nan tilas a yi doka, a kuma tsaya a kanta, domin ba wanda ke da ikon yin caca da cikin ɗan maƙwabcinsa. Mai cewa a bar kowa da hankalinsa a maganar wake, a gaskiya cewa ya ke a bar mai sayarwa da ribarsa, a bar mai saye da ƙaddararsa. Mu ba mu yarda da wannan ba.

Sai dai wace irin doka? Tsofaffinmu ba su manta da duba-gari na zamanin En'e ba, mai shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da kwata. Aikinsa ya yi amfani, an rage ƙazanta. Amma sun kuma tuna cewa ƙofar talaka ya fi sani, gidan mai rawani kuwa sai ya yi gaisuwa daga zaure ya wuce. Ba mu son a maimaita mana wannan. Ga abin da mu ke nema daga hukuma.

Na ɗaya, kafin a fara kame, a yi bayani da Hausa a rediyo da kasuwa da tasha, a ba da wa'adi, a kuma tabbata abin da a ke so mutum ya saya yana nan da kuɗin da zai iya biya.

Na biyu, a fara daga sama. Mai tebur a bakin kasuwa ba shi ne ya shigo da dafi cikin ƙasa ba, ba shi ya ɗura shi a kwalba ba. A kama mai sito kafin a kama mai tire.

Na uku, duk tarar da aka ci mutum a ba shi rasit, da sunan ma'aikaci a jiki. Tarar da ba ta da rasit fashi ce, ko da mai yinta yana sanye da kaki.

Na huɗu, a riƙa ɗibar hatsi daga manyan kasuwanni ana aunawa, a faɗi sakamako a fili. Samaru tana nan kusa da mu da cibiyar binciken aikin gona da masananta. A Makarfi akwai kwalejin koyon aikin lafiya mai sunan Shehu Idris. Ba a rasa masu ilimi ba, turo su kasuwa ne ba a yi.

Sauran kuma namu ne, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. Akwai hanyar adana wake ba tare da ɗigon magani ba. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai rufi uku da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka. Leda biyu ce mai kauri a ciki, da buhu a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure ko wace leda dabam. Ƙwaron da ke ciki shi zai shanye 'yar iskar da ta rage, ya rasa numfashi ya mutu. In ba a huda ledar ba, buhu ɗaya yana yin kaka fiye da ɗaya. Durom ko jarka mai murfi da ba ya shan iska su ma suna yin wannan aiki. Lalle buhun ya fi na kullum tsada, amma a lissafa kuɗin magani da a ke saye ko wace shekara, a kuma lissafa sunan mutum a kasuwa, a ga wanne ya fi araha.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan hatsi na Makarfi da Ikara da Kudan, su kafa wannan ka'ida da kansu tun hukuma ba ta zo da motarta ba. Ku kun san wanda ke zuba magani, domin a gabanku a ke ɗinke buhu. A ja masa kunne sau ɗaya, in ya sake a hana shi rumfa. A haɗa kuɗi a sayo buhunan nan da yawa don su yi sauƙi. Kasuwar da aka san wakenta ba dafi, masu saye daga Kudu za su neme ta da kansu. Haka ƙungiyoyin 'yan acaɓa, da ku ke karɓar kuɗin tikiti ko wace safiya, ku yi adashin hula, ko wane mako mutum biyu ko uku su samu, ku kuma sa hular fasinja ta zama mai tsabta, a riƙa wanke ta, mai tsoron makero ya ɗora ta kan hularsa ko ɗankwali.

Ku kuma mata masu awo, kada farin wake ya ruɗe ku. Ku shinshina, in kun ji warin magani ku ajiye ku wuce gaba. Ku tambayi mai kaya da me ya adana, a gaban mutane. In mutum goma suka yi masa wannan tambaya a yini ɗaya, gobe zai sake shawara.

Mun sha faɗa cewa talaka mutum ne mai daraja, ba dabbar da za a kora da sanda ba. To, wanda ya ke so a daina kora shi da sanda, sai ya nuna yana iya tsare kansa da na maƙwabcinsa ba tare da an tsaya a kansa ba. Za mu ci gaba da tuhumar hukuma a kan nata, ba za mu gaji ba. Amma kaka tana zuwa, wake zai shigo kasuwa, ko wane ɗayanmu zai tsaya gaban buhunsa shi kaɗai, ba mai kaki, ba duba-gari. Abin da ya zuba a ciki ranar nan, ya tuna cewa wata rana 'yarsa ce za ta je awo a rumfar wani.

Allah ya tsare mu, ya tsare iyalinmu.