Ƙananan Ma'aikata Cikin Ƙasa Mai Gishiri

 Batunmu na yau shi ne waɗansu ƙananan halittu na cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana suna kiransu bakteriya.

Duk manomin da ya taɓa zuba takin supa ya san amfaninsa. Abin da ke cikinsa shi ne fosfet, watau abincin da ke ƙarfafa saiwa, ya sa ƙwaya ta cika. Amma a ƙasa mai gishiri ko kanwa, irin ta gefen Tafkin Cadi ko kwarin Kogin Indus a Pakistan, fosfet yakan haɗu da allin da ke cikin ƙasa, ya daskare. Ga abinci a gindin shuka, ga shuka da yunwa.

To, nan ne aikin bakteriya yake. Sukan zauna jikin saiwa, su ci zaƙin da take fitarwa, sa'an nan su fid da wani ruwa mai tsami da ke narkar da fosfet. Gishiri yakan tsotse ruwan jikin yawancinsu, amma akwai waɗanda ke jure masa. Su ne masana ke nema, gama a 2021 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa gishiri ya taɓa ƙasar da ta wuce hekta miliyan 833.

A ganina, kada murna ta sa mu gaggawa. Wajen 1950 zuwa 1960 an yi ta raba wa gonakin Rasha irin waɗannan bakteriya da sunan fosfobakterin. Da aka gwada shi a Amurka, ba a ga wani ƙarin amfanin kirki ba. Baƙuwar bakteriya takan tarad da 'yan gari sun riga ta wurin zama.

Saboda haka ya kamata masananmu su nemo masu jure gishiri daga ƙasar da za a noma, su gwada su a gona tukuna, kafin a sayar wa talaka. Gani ya kori ji. Manomi kuwa ya sani ba sa ƙirƙirar fosfet, wanda ke nan suke narkarwa, ba su kuma kawar da gishiri. Magudanar ruwa da takin gargajiya suna nan a matsayinsu.