"Track 07": Wa Zai Rubuta Wa Waƙoƙinmu Suna?

Yau zan ɗan kauce wa maganar gina labari da zubin baiti da muka saba yi, amma ku daure ku biyo ni, domin abin da na zo da shi ma aikin alƙalami ne.

Watan jiya na shiga motar haya daga Gusau zuwa Tsafe. Muna daidai dutsen Kwatarkwashi direba ya kunna waƙa, kiɗan kotso ya cika mota. Wani yaro da ke kusa da ni, da ƙyar in ya kai shekara 17, ya shiga kaɗa kai, can ya ce, "Oga direba, wannan waƙar wa ce?" Direba ya leƙa ɗan gilashin rediyonsa ya ce, "Track 07 aka rubuta." Wani fasinja ya ce Ɗanƙwairo ne. Na bayansa ya ce a'a, Narambaɗa ne, ya ma rantse. Har muka sauka ba a daidaita ba. Na ga yaron ya ciro waya yana son ya nemo waƙar, ya buɗe wurin bincike, ya yi shiru yana kallonsa. To me zai rubuta?

Mu fara da yadda abin yake aiki, don da yawanmu mun ɗauka manhajar sauraren waƙa tana gane waƙa da kanta. Ba haka ba ne. Kowane fayil na MP3 yana da wani ɗan aljihu da ake ajiye bayani a ciki, ana ce masa ID3. An ƙirƙiro shi a 1996, kuma a farkonsa haruffa 30 kacal aka ware wa sunan waƙa, 30 na mawaƙi, 30 na albam, sai gurbin shekara. Daga baya aka faɗaɗa shi har ya iya ɗaukar hoton bango da sunan wanda ya tsara waƙa da baitocinta. Manhajar da ke cikin wayarka, da irin su Plex ko Jellyfin da mutum ke sakawa a kwamfutar gida don ya tara waƙoƙinsa wuri ɗaya, wannan aljihun suke leƙawa. Boomplay da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, da Audiomack, da Spotify da ta shigo Nijeriya a 2021, su kuma abin da mai ɗora waƙar ya cike musu suke nunawa. Ko Shazam da ke sauraren sauti ta faɗi suna, sai in an taɓa shigar da waƙar rumbunta da sunan. A ƙarshe dai wani ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta. Inda ba a rubuta ba, sai ka ga akwati mai ruwan toka da "Unknown Artist".

Ni na ga wannan da idona. Ina da kawu a Bungudu, yayan mahaifiyata, wanda ke da tsohon akwatin ƙarfe cike da kasakasai. Bayan na gama difloma, zaman jiran aiki ya ishe ni, sai na ɗauki aniyar juye masa su a kwamfuta kafin zaren ya gama lalacewa. Na haɗa da wasu waƙoƙin da na karɓa a memori wajen masu tura waƙoƙi a kasuwa, na zuba duka cikin manhaja ɗaya. Wani albam na wani mawaƙin Amurka da ya saje a ciki nan take ya fito tsaf: hoton bango, shekara, jerin waƙoƙi, har sunan kamfanin da ya buga. Namu kuwa sai suka taru jibgi guda kamar kayan da aka kwashe daga gobara. Wasu suna ɗauke da suna irin AUD-20210314-WA0014, wato sun bi ta WhatsApp. Wasu a gurbin sunan mawaƙi sunan shagon wanda ya tura ne da lambar wayarsa, kuma hoton da ke fitowa a matsayin bango hotonsa ne sanye da tabarau. Ban zarge shi sosai ba, talla yake nema. Amma a idon manhajar nan shi ne ya yi waƙoƙi sama da ɗari, da na fada da na noma da na dambe.

Ba rana ɗaya sunayen suka zube ba. Kaset na asali yana da bango. Mai kwafa ya juya a wani kaset ya rubuta suna da biro, wani lokaci daidai, wani lokaci yadda mai saye ya faɗa masa. Daga nan aka koma faifan CD, aka koma memori, aka koma Bluetooth da Xender. Kowane masauki sai an yar da wani abu, har sauti kaɗai ya iso mana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sunan ƙarya, domin ya fi rashin suna illa. Akwai wata waƙa da aka rubuta wa "Dankwairo old". Na kunna wa Kawu ina jin kaina na yi abin kirki. Bai bari an gama gindin waƙar ba ya ɗaga hannu ya ce, "Kai ɗana, wanga ba Ɗanƙwairo na ba, Sa'idu Faru na." Na ce, "Kawu ai haka aka rubuta." Ya ce wanda ya rubuta bai san komai ba. Sai ya shiga yi mini bayani: dukansu kotso suke kaɗawa, dukansu ana danganta su da ƙasar Maradun, shi ya sa kunnen yaro ke haɗa su, amma murya daban, zubin magana daban. Ya ce Sarkin Kudun da ake ambato a ciki Muhammadu Macciɗo ne tun yana Talata Mafara, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ku duba fa: cikin minti biyar dattijon nan ya ba ni sunan mawaƙi, da wanda aka yi wa waƙar, da sarautarsa a lokacin, da abin da zai sa in gane zamanin da aka yi ta. Duk wannan yana cikin kansa ne kawai, kuma Kawu ya haura shekara 70.

Ko inda aka sa suna daidai, akwai matsalar rubutu, kuma wannan tamu ce kai tsaye. Ka nemi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, za ka same shi a "Dankwairo", da "Dan Kwairo", da "Musa Dankwairo Maradun", da "Ɗanƙwairo". Mu mun san mutum ɗaya ne. Manhaja kuwa sau da yawa mutum huɗu take gani, ta raba waƙoƙinsa gida huɗu. Wata manhajar ma in ka rubuta ƙ ko ɗ ba za ta haɗa maka da k da d ba, sai ta ce babu. Ra'ayina a nan shi ne a rubuta suna da ƙa'idar Hausa, da ƙugiyarsa, sannan a ƙara rubutun da ba ƙugiya a gurbin ƙarin bayani domin mai bincike. Kada mu yar da haruffanmu don na'ura ta ji daɗi.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. Tsarin "mawaƙi, albam, shekara" an yanka shi ne daidai jikin kasuwar faifai ta Turai da Amurka, inda mawaƙi ke shiga situdiyo ya fito da waƙoƙi goma a faifai ɗaya. Makaɗin fada ba ya yin albam. Yakan yi wa basarake waƙa ɗaya ya yi ta rera ta shekaru, gindin yana nan, ɗiyan waƙar suna ƙaruwa ko su sauya gwargwadon wanda ke wurin da abin da ya faru a wannan shekarar. Ɗaukar da aka yi a gidan rediyo daban, wadda aka yi a ƙofar fada ranar sallah daban. Ɗauki waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe, wadda kusan duk ɗan Zamfara ya sani. Tambayar da mai sauraro ke buƙatar amsarta ba "wane albam" ba ce. Yana son ya san wane 'Yandoto ne, me ya sa aka kira sarkin Tsafe da wannan suna, su wane ne waɗanda ake yi wa zambo, a ina aka ɗauki wannan rerawar. Babu gurbin ko ɗaya daga cikinsu a fuskar manhaja, sai ɗan filin nan na ƙarin bayani da kowa ke bari fayau. A can ne aikinmu yake.

Sai 'yan amshi. Rabin daɗin waƙar fada yana bakinsu, su ke karɓa, su ke ƙari, amma ban taɓa ganin sunan ɗan amshi ko makaɗin kotso ɗaya a jikin fayil ba. Haka abin yake a waƙoƙin fim na yau: waƙa takan tafi da sunan jarumin da ya hau ta a bidiyo, mawaƙiyar da ta ba da murya kuwa sai wanda ya sani ya sani.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a taron ƙungiyarmu ta marubuta: waƙa ai kunne ke cin ta, kakanninmu sun ji sun more ba tare da wani bango ba. Gaskiya ne. Amma su suna da fada, suna da dandali, suna da mai gabatar da shiri a Rediyon Kaduna ko Rima da zai faɗi sunan makaɗi kafin ya saki waƙa. Yaron cikin motar Tsafe ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi wurin bincike ne, kuma wurin bincike da rubutu ake yi masa magana. Ko tsohuwar da ba ta karatun boko, jikanta take miƙa wa waya ta ce ya samo mata waƙar wane, shi kuma sai da suna zai samo.

Wasu kuma za su ce ai masana sun gama wannan aiki. An yi aiki babba kam. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ɗan garinmu, ya shafe shekaru a Jami'ar Bayero yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, kuma duk mai son wannan fanni ya kamata ya nemi littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Sai dai ilimin yana cikin littafi a kanta, waƙar kuma tana cikin waya a aljihu, ba su haɗu ba. Masu haɗa su ba sai farfesoshi ba. Mu ne, masu data da ɗan lokaci da iya jera jimla.

Kuma kada mu yi kamar abin bai shafe mu ba. Mu nawa ne a zauren nan aka ɗauki labarinmu aka yi ta yawo da shi a WhatsApp an cire sunan marubuci daga sama? Mu nawa muka ji ana karanta littafinmu a YouTube, sunan mai karatu da manyan baƙaƙe, namu ko a ƙasa babu? Ranar da ya faru da ni kwana na yi ban yi barcin kirki ba, a kan gajeren labari mai shafi shida. Sa'idu Faru kuwa aikin rayuwarsa ne ake miƙa wa wani.

Ga abin da nake roƙo. Kowa ya zaɓi waƙa ɗaya, ba goma ba. Ya sami dattijo ko dattijuwar da ta san ta, ya zauna da takarda. Ya rubuta layi biyar ko shida: sunan makaɗi, abin kiɗansa, wanda aka yi wa waƙar da sarautarsa ko sana'arsa, dalilin yin ta, ma'anar kalma biyu ko uku da suka tsufa. Ya gyara sunan fayil ɗin a wayarsa, ya sa bayanin a ƙarƙashin waƙar inda ya gan ta a YouTube. Mai ƙarfin hali yana iya shiga MusicBrainz, rumbun da 'yan sa-kai ke cikawa kuma manhajoji da dama ke ɗebo bayani daga gare shi. Ban ce a ɗora waƙar wani don a ci kuɗi ba, makaɗan nan suna da magada. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: abin da ba ka tabbatar ba, bar gurbinsa haka. Mu marubutan ƙirƙira hannunmu na ƙaiƙayin cike giɓi, kuma da irin wannan ƙaiƙayi ne aka haifi "Dankwairo old". In shekara ba ta samu ba, rubuta abin da waƙar ta nuna da kanta, misali wadda aka rera a gaban Sardauna Ahmadu Bello ba ta wuce Janairun 1966 ba. Layi shida na farko da na rubuta sai da suka ci mini kwana biyu da tafiya Bungudu sau ɗaya, kuma na goge siffofi sun fi goma, duk irin su "shahararre" da "fasihi", don ba su gaya wa mai sauraro komai.

Ranar Asabar zan koma wurin Kawu, saura kaset 23 a akwatin. Akwai ɗaya mai kiɗan taushi da yake zaton Salihu Jankiɗi ne, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wanda aka haifa a Rawayya nan ƙasar Bungudu, amma ya ce ba zai rantse ba, don haka ban sa suna ba tukuna. In akwai ɗan Rawayya a zauren nan da ke da tsoho mai kunnen taushi, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, in zo da kaset ɗin da rediyo.