Sun Kawo Akushi, Ina Tuwon?



Yau rigimarmu da masu cewa manhaja ce maganin matsalar karatu a makarantunmu. Kun san su. Su ne masu kiran malaman firamare taron bita, a kunna majigi, a nuna hoton yaran wata ƙasa kowa riƙe da kwamfutar hannu, a raba shinkafa da lemo, a ɗauki hoto, a watse. Washegari malamar aji biyu a Hayin Dogo ko Muciya ta koma ta tarar da abin da ta bari: ɗaki cike da yara, allo da guntun alli, ba littafin labari ko ɗaya da za ta miƙa wa yaro ya karanta da bakinsa.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Da waya muke rubutu, da waya muke sayar da littafi, don haka ba mu da bakin zagin fasaha. Kayan aikin ma suna da kyau, kuma yawancinsu kyauta ne. Akwai Koha, wadda mai kula da laburare zai shigar da sunan kowane littafi a cikinta, ya san wanda ya ara da ranar da zai dawo da shi. Akwai Kiwix, da ke sauke Wikipedia a kwamfuta ko waya a riƙa karantawa ba tare da data ba. Akwai Kolibri, da malami zai zuba darussa a kwamfuta ɗaya, sauran na'urorin ajin su ɗauka daga gare ta ko babu intanet. A watan Maris na 2022 ma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, har da darussa cikin Hausa.

To amma duk waɗannan akusa ne. Koha ba ta haifar littafi, lissafa wanda ke kan kanta take yi. In kantar ba komai, lissafin ma ba komai. Wikipedia ta Hausa kuwa manya ne ke rubuta wa manya, yaron da jiya ya koyi haɗa "ba" da "ka" ba zai iya hawa ta ba. Ku leƙa African Storybook na Afirka ta Kudu ko StoryWeaver na Indiya ku nemi labaran Hausa. Za ku samu, Allah ya saka wa waɗanda suka yi ƙoƙari, sai dai da yawansu fassara ne daga wasu harsuna, rayuwar cikinsu ta wasu ce. Ina labarin yaron Palladan da ke ɗaga kai kullum yana kallon ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama? Ina na yarinyar da ta raka kakarta kasuwar Sabon Gari ta ɓace a layin 'yan atamfa? Ina na manomin Bomo da ya shuka irin masarar da aka inganta a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru? Babu injiniyan da zai rubuta su. Aikin masu alƙalami ne.

Abin haushin shi ne a Zariya ake wannan zance, garin da ya riga kowa sanin amsar. Lokacin da makarantun boko na Arewa suka rasa abin karantawa da Hausa, Dakta Rupert East na Hukumar Talifi ya sa gasar rubutu a 1933. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East. Aka ɗauko Imam daga Katsina ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce saboda 'yan makaranta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Kamfanin Gaskiya da injinansa kuwa sai 1945 aka kafa shi. Ku duba jerin da kyau: rubutu ya riga inji zuwa. Yanzu an juya kan abin, ana sayen inji ana jiran rubutu ya faɗo daga sama.

Kuma in abin ya lalace, malami ake kamawa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Tambayarmu ita ce, malamin da ya ci jarrabawar, da wanda aka ɗauka daga baya, me aka sa musu a hannu? Ko wanda ya fi kowa iya koyarwa ba zai koya wa yaro karatu da iska ba.

Shi kuwa mai kula da laburare, masu tallar na'ura gani suke zamaninsa ya wuce. Mu marubuta mun fi kowa sanin ƙaryar wannan magana. A ƙarshen Nuwamba 2023 OkadaBooks ta rufe, bayan shekara goma tana aiki, kuma marubutan Hausa da yawa a can suke sayar da littattafansu. Wanda bai ajiye kwafi a wani wuri ba ya ji a jikinsa. Littafin da ke yawo a WhatsApp kuwa, yau an cire sunan mai shi, gobe an yanke babi uku, jibi waya ta faɗa ruwa. Wanda aikinsa ne ya adana, ya jera, ya san wane littafi ya dace da ɗan aji uku, shi ne wannan ma'aikaci da ake rainawa. Ga Laburaren Kashim Ibrahim a cikin jami'ar ABU, ga sashen da ke horar da masu wannan sana'a tun 1968, ga Laburaren Jama'a na Samaru a cikin gari. Masana suna nan maƙwabtanmu. Abin da za su jera wa ƙananan yara ne ya yi ƙaranci.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko: "Marubuci zai ci abinci, don me zai ba da aikinsa kyauta?" Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ki saki littafinki mai babi sittin da kike karɓar kuɗinsa. Shafi goma sha biyu ake magana, jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi. Lasisin da waɗannan rumbuna ke amfani da shi ya wajabta a bar sunanki a kan aikin duk inda aka kai shi. Yarinyar da ta koyi karatu da labarinki bana, ita ce mai sayen littafinki nan da shekara goma. In ba ta iya karatu ba, wa za ki sayar wa?

Na biyu: "Ai aikin gwamnati ne." Nata ne, kuma za mu ci gaba da matsa mata ta sayi littafi kafin ta ba da kwangilar na'ura. Amma ko yau ta fito da kuɗi, me za ta saya in ba a rubuta ba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku: "Na'ura za ta fassara na Turanci cikin minti ɗaya." Za ta yi, ta kawo Hausar da ba a yi a gidan kowa. Babba zai gane ya yi dariya ya wuce. Yaro kuwa haddacewa zai yi ya ɗauka haka harshensa yake.

Ga abin da muke nema a wurin kowane ɗayanmu kafin ƙarshen zangon karatun nan. Ka sami malamar aji ɗaya ko biyu a unguwarku ka tambaye ta haruffan da yaranta suka kai. Ka rubuta labari da kalmomi gajeru masu maimaituwa. Ka sa Hausa a Gboard don ƙ, ɗ da ɓ su fito, domin yaron da ke koyo bai san ka nufi ƙafa ba in ka rubuta kafa, bai san baƙi kake nufi ba in ka rubuta baki. Ka haɗa shi da manhajar Bloom a kwamfuta, ko ta African Storybook a waya. Ka kai aji a karanta a gabanka, duk inda yara suka yi tuntuɓe ka gyara. Sannan ka ɗora shi, ka tura wa malamai ta Xender, ka buga kwafi biyu a shagon hoto-kwafi ka miƙa wa mai kula da laburare hannu da hannu.

Mutum ashirin in kowa ya yi ɗaya, an sami kanta guda. Wanda kuma yake ganin rubuta wa ɗan shekara bakwai ƙaramin aiki ne, bismilla, ya gwada riƙe hankalinsa da kalma ɗari biyu, ya zo mu ji yadda suka ƙare.

Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a alƙalumanmu.