Mu shuka ƙaramar kabewa a bayan ɗaki

Kowa ya san kabewa, wadda wasu ke kira kabushi. Da ita ake miyar taushe, kuma babu kasuwar da ba a ganinta bayan kaka. Amma idan muka duba gidajenmu, za mu tarar kabewa baƙuwa ce a tukunya. Ana cinta da kaka, ko ranar biki, sannan a manta da ita. A ganinmu wannan asara ce, kuma yara ƙanana su ne suka fi kowa asarar. Shawararmu ita ce kowane gida ya keɓe ramuka uku a bayan ɗaki ko a gindin danga, ya shuka ƙaramar kabewa mai jure ajiya.

Wace ce wannan kabewa?

Asalin kabewa daga nahiyar Amurka take, inda aka fara nomanta tun shekaru dubbai da suka wuce. Tana da iri da yawa. Wadda muke magana a kanta ƙarama ce, mai siffar gora: wuya dogo, gindi mai faɗi. Nauyinta kilo 1 zuwa 2. Bayanta ruwan ƙasa ne mai haske, cikinta ja ne kamar na cikakken mangwaro, ƴaƴanta kuma a gindi kawai suke taruwa, wuyan duk tsoka ne. An fito da ita a ƙasar Amurka. A jikin takardar iri ana rubuta sunanta haka: Butternut. Turawa na sa ta cikin kabewar hunturu, domin sukan girbe ta su ajiye, su ci lokacin sanyinsu da babu ɗanyen ganye. Mu ma muna da irin wannan lokaci. Shi ne ƙarshen rani da farkon bazara, sa'ad da miya ta koma busasshiyar kuka da busasshiyar kuɓewa, mangwaro kuma bai nuna ba tukuna.

Me ya sa muka damu?

Jan nan na cikin kabewa alama ce ta wani sinadari da jiki ke mayarwa bitamin A. Idan yaro ya rasa bitamin A, yakan kamu da dundumi: da rana ta faɗi sai ya daina gani sosai, ya riƙa tuntuɓe, ya kasa gane kwanon abinci. Idan abin ya yi nisa, ido na bushewa, har ya kai ga makanta. Rashin bitamin A kuma yana raunana jiki, shi ya sa ƙyanda da zawo suka fi kayar da irin waɗannan yara. Mata masu ciki ma sukan yi dundumi.

Tun shekarar 1997 ƙasarmu ta soma haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna. Ana ba yara masu wata 6 zuwa wata 59. Wannan aiki ne mai kyau, kuma muna kira ga iyaye kada su bari ya wuce ƴaƴansu. Sai dai ana ba da shi ne kamar sau biyu a shekara, yaro kuwa kullum yake cin abinci. Wanda ya haura shekara 5 da uwarsa da kakarsa, tukunyar gida ce za ta riƙe su.

Ƙarama ko babba?

Wani zai ce: ai muna da tamu babba ta gargajiya, guda ɗaya ta fi waɗannan biyar. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar ta ba. Ta saba da ƙasarmu, irinta yana hannunmu, kuma mai kai kasuwa yana yanka ta yana sayarwa. Amma mu duba abin da ke faruwa a gida. Muddin ba a fasa kabewa ba, ɓawonta yana tsare ta. Ranar da wuƙa ta shige ta, kwananta ya ƙare: cikin zafin nan namu, bayan kwana biyu ko uku sai ta yi yauƙi ta ruɓe. Shi ya sa uwargida ke jinkirin fasa babba, tana jiran taron da zai cinye ta. Ƙaramar kuwa awon tukunya ɗaya ce. A ɗauko guda, a fasa, a cinye a ranar, sauran suna nan lafiya lau.

Ga kuma maganar fili. Babbar kabewa tana son ta yaɗu a ƙasa. Ƙaramar tana iya hawa danga ko rumfa ko zana, domin ƴaƴanta ba su da nauyin da zai karya su. Matar da ba ta da gona, ba ta da garka a fadama, tana iya nomanta cikin gidanta. Bayan farin 1984, a zamanin Seyni Kunce, an ƙarfafa noman rani, kuma mun ga amfaninsa a Gulbin Maraɗi da Korama da Maggiya. Amma yawancin abin da ake nomawa can, kamar albasa da tumatir, na sayarwa ne. Ramukan bayan ɗaki na cin gida ne.

Mu yi lissafi. Rami uku, kowane da gindi biyu, gindi 6 ke nan. Gindin da aka kula da shi yakan ba da ƴaƴa 3 zuwa 5. Ke nan ana iya samun kabewa wajen 20. Idan ana cin biyu a mako, sun kai gida mako 10.

Yadda ake shuka ta

Ana shuka ta da damina, cikin watan Yuni ko Yuli, bayan ruwa ya zauna. Mai rijiya ko famfo kusa yana iya shukawa cikin Oktoba ko Nuwamba, ya girbe cikin Janairu ko Fabrairu. Wannan girbin shi ne ke kai mu lokacin da miya ta fi talauci.

A zaɓi wurin da rana ke samu sosai, nesa da masai da makwararar ruwan wanka. A tona rami mai zurfin kamu ɗaya, faɗinsa ma haka. A zuba rabin bokiti na ruɓaɓɓen takin dabbobi, a gauraya da ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Tsakanin rami da rami a bar mita 1 da rabi. A sa ƙwaya 3 a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Cikin mako guda ko kwana 10 za su tsiro. A cire mai rauni, a bar biyu. A kewaye su da ƙaya saboda awaki da kaji.

Da rani a ba kowane rami kamar bokiti guda na ruwa da safe. A zuba a gindi, kada a jiƙa ganye, domin hana cutar da ke sa ganye ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Ruwan da aka ɗauraye kayan miya da shi yana da amfani nan, amma ban da ruwan sabulu.

Fure biyu a gindi ɗaya

Nan ne mutane da yawa ke karaya. Kabewa tana da fure namiji da fure mace. Namiji ne ke fara fitowa, ya bushe ya faɗi, sai mai shuka ya ce irin ba ya haihuwa, ya tuge. A yi haƙuri. Macen tana tafe, kuma ana gane ta da ƴar mitsitsiyar kabewa a ƙarƙashinta. Ƙudan zuma ne ke ɗauko garin furen namiji ya kai wa macen, da sassafe, kafin furen ya rufe. Saboda haka kada a fesa maganin ƙwari lokacin da fure ke buɗe. Idan zuma ba ta zuwa gidan, a tsinko furen namiji da safe, a cire ganyensa, a goga tsakiyarsa a tsakiyar macen.

Babban abokin gaba shi ne wani ƙuda da ke huda ƴar kabewa tun tana ɗanya, ya saka ƙwai, tsutsa ta cinye cikinta. Da furen macen ya bushe, a lulluɓe ƴar kabewar da takarda ko tsumma mai tsabta har ɓawonta ya yi ƙarfi. Wadda ta riga ta kamu a tsinke ta a binne da zurfi, kada a yar a gefe.

Girbi da ajiya

Daga shuka zuwa girbi kwana 90 zuwa 120 ne. Yana da kyau a rubuta ranar shuka don a san lissafi. Ta nuna idan koren bayanta ya ɓace, maƙallinta ya bushe, farce kuma ya kasa huda ɓawon. A yanke ta da wuƙa, a bar mata maƙalli tsawon ɗan yatsa. Wadda maƙallinta ya ɓalle daga nan take fara ruɓewa, sai a fara cin ta. A jera su kwana 10 a inuwa mai iska, sannan a ɗora su a kan rumfa ko katako a wuri mafi sanyi na gidan, kada su taɓa juna. Suna iya kai wata 2 zuwa 3, amma tsananin zafi yana rage kwanansu. A riƙa dubawa kowane mako. Idan bazara ta tsananta, a yayyanka abin da ya rage siriri-siriri, a shanya a inuwa, a ajiye.

Maganar iri

Wannan ita ce matsalar da ba za mu ɓoye ba: irin na saye ne a karon farko. A duba takardar da kyau. Idan an ga an rubuta F1, ƴaƴan da aka ajiye daga gare ta ba za su fito kamar uwar ba. A tambayi malamin gona irin da ake iya ajiyewa. Haka kuma zuma na iya gauraya ta da kabewar maƙwabta. Mai son tsarin irinsa ya ɗaure bakin furen mace da na namiji da zare tun da yamma, kafin su buɗe. Da safe ya kwance, ya goga da hannunsa, ya sake ɗaure macen, ya yi mata alama. Kabewa ɗaya ta ishi gidaje da yawa iri.

Daga tukunya zuwa bakin yaro

Jiki ba ya jan wannan bitamin sosai sai da maiƙo. A dafa kabewa da ɗan man gyaɗa ko tunkuza. Yaron da ya cika wata 6 a dama masa dafaffiyar kabewa cikin kunu, a ci gaba da ba shi nono. Ɗanyen ganyenta yana shiga miya, ƴaƴanta kuma ana soyawa a ci. Gargaɗi ɗaya: duk kabewar da aka ɗanɗana aka ji ta da ɗaci sosai, a zubar, domin tana sa amai da zawo.

Magabata sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Maigida ya tona ramuka ya kawo ƙaya, uwargida da yara su riƙe ban ruwa. Wanda nasa ya yi kyau bana, ya ba maƙwabcinsa iri baɗi.