Ba kowane itace ake jefa wa kifi ba

A Libreville ba mu san hunturu irin na Kano ko Maraɗi ba. Sanyinmu shi ne na rani, daga Yuni zuwa Satumba, kuma bai taka kara ya karya ba. Amma karfasa da tarwaɗa suna son maɓoya ko yaushe, saboda zalɓe da sauran tsuntsaye. Shi ya sa masu kiwon kifi a bayan gida ke jefa itace cikin tafki. Dabarar tsohuwa ce: masuntan tafkin Nokoué, kusa da Kwatano, sun daɗe suna kafa rassa a ruwa, abin da suke kira akaja, kifi ya taru ya yi ƙiba. Damuwata ita ce irin itacen da muke jefawa.

Tun da Gabon ta hana fitar da gungumen itace a 2010, ana sarrafa katako a cikin ƙasa, guntaye sun wadata, wani sa'in kyauta. To, araha ba ta ado. Falankin okoumé da gam ake manna shi. Katako mai ɗan kore-kore galibi ya sha maganin gara mai ɗauke da jan ƙarfe, wanda guba ne ga kifi. Katakon ɗora kaya na tashar jiragen ruwa ta Owendo kuwa, a duba tambarinsa: HT na nufin zafi kawai aka ba shi, MB na nufin an turara shi da guba. Ko mai HT ɗin ma, wa ya san abin da ya zube a kansa?

Wani zai ce, to ai sai ɗanyen itace daga daji. Nan ma a bi a hankali. Kakanninmu da magimfa da ɓawon aduwa suke bugar da kifi. A nan Gabon ɓawon itacen tali guba ne sananne. Ko marar guba, in ɗanye ne, ruɓewarsa na shanye iskar da kifi ke shaƙa, ka wayi gari ka tarar da jarinka yana yawo ciki sama.

Kada kuma a nufi itatuwan fadamar bakin teku na Akanda da Pongara, wuraren da aka keɓe tun 2002. Can ne ƙananan kifayen teku ke girma. Wanda ya sare su don tafkinsa ya rage kifin kasuwar kowa.

Shawarata a matsayina na mai koyarwa ita ce a gwada kafin a yarda. A samu busasshiyar gora ko busasshen itacen da aka san sunansa, marar fenti, a ɓare ɓawon. A jiƙa a duro mako biyu ana sauya ruwa, sannan a saka 'yan kifi biyu-uku a gani. In ana shakka, tukunyar ƙasa ta isa maɓoya. Kifin nan dai 'ya'yanmu da maƙwabtanmu ne za su ci, kuma za a tambaye mu a kan abin da muka sayar.