Dokar FIFA kan yara ƴan ƙwallo: fasfon kaka ya fi ƙafar yaro tasiri

Yau kan ƙwallo za mu tsaya, kan wata doka da ke yanke wa yaro makoma tun bai taka babban fili ba. Da ƴan Amurka za mu ba da misali, don a kansu ne kowa ke iya ganin yadda dokar take aiki.

Tun 2001 FIFA ta hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata don ƙwallo in bai cika shekara 18 ba. Ita ce aya ta 19 a dokokin cinikin ƴan wasa. An kafa ta ne saboda dillalai da ke kwasar yara daga Afirka da Kudancin Amurka, in gwaji bai yi kyau ba su watsar da su a titunan Turai, ba takardu, ba kuɗin komawa gida. Sai dai an bar wasu ƙofofi. Akwai yaron da iyayensa suka ƙaura bisa dalilin da ba na ƙwallo ba. Akwai wanda gidansu bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba. Babbar ƙofar kuwa ita ce ta Tarayyar Turai: a can ana iya ɗaukar yaro tun yana da shekara 16, kuma a aikace duk mai fasfon ɗaya daga cikin ƙasashen yana cin wannan moriya.

To ku duba samari biyu da aka haifa a 1998. Christian Pulisic ɗan garin Hershey ne a jihar Pensilbaniya, amma kakansa mutumin Kuroshiya ne. Da wannan ya samu fasfo, ya shiga Borussia Dortmund ta Jamus a 2015 yana da shekara 16. A 2019 Chelsea ta saye shi kan Yuro miliyan 64, wajen miliyar 42 ke nan na sefa. Weston McKennie kuwa, duk da ya zauna Jamus yana ƙarami lokacin da mahaifinsa ke aikin soja a can, ba shi da irin wannan takarda. Sai da ya cika 18 a 2016 sannan ya sa hannu da Schalke. Josh Sargent ma haka ya yi jira kafin Werder Bremen ta iya yi masa rajista a 2018, alhali Gio Reyna ya shiga Dortmund yana ɗan 16 da fasfon Fotugal da ya samu ta wajen kakarsa.

Wani zai ce ai McKennie ma ya yi suna, har Juventus ya kai, to mene ne abin kuka? Gaskiya ne. Amma mu waɗanda suka kai gaci kaɗai muke gani. Shekara biyun nan, daga 16 zuwa 18, su ne lokacin da ake gyara ɗan wasa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In yara biyu ƙafarsu ɗaya, wanda kakansa ya fito daga Turai ya riga ɗan'uwansa da shekara biyu na horo a wuri mafi kyau. A Amurka ɗin ma kowa ya san waɗanne iyalai ne ke da kaka a Italiya ko Polan, waɗanne ne kuma tushensu Afirka ko Meziko.

Duk da haka ba mu cikin masu cewa a soke dokar. Ku tuna da Ben Lederman, yaron Kalifoniya da ya shiga makarantar Barcelona yana da shekara 11, iyayensa suka tattara suka bi shi. A 2014 FIFA ta hukunta Barcelona kan yi wa yaran waje rajista ba bisa ƙa'ida ba, aka hana ta sayen ƴan wasa zango biyu. Kulob ɗin ya ci gaba da cin kofuna abinsa, yaran ne aka hana buga wasa. Lederman ya koma Amurka, Takefusa Kubo ya koma Japan. Real Madrid da Atletico sun sha irin wannan hukunci a 2016, Chelsea a 2019. In manyan kulob suna wannan gangancin da yaran ƙasashe masu ƙarfi alhali akwai doka, me za su yi da ɗiyan talakawa ranar da aka ce babu ita?

Abin da muke gani ya dace shi ne a daidaita ƙofar. Sharaɗin da aka gindaya wa kulob kafin ya ɗauki ɗan 16 a Turai a fili yake: horo mai kyau, karatun boko ko koyon sana'a, masauki da mai kula da yaro. In waɗannan sun isa su kare jikan Baturen Kuroshiya, sun isa su kare kowane yaro. In kuwa ba su isa ba, a mayar da kowa 18. Ingila ta koma haka tun 2021 bayan ficewarta daga Tarayyar Turai. Shi ya sa Cavan Sullivan, wanda ya fara buga wa Philadelphia Union yana da shekara 14 a 2024, sai ya cika 18 zai tafi Manchester City.

Akwai kuma maganar kuɗi. Shekara bakwai FC Dallas ta yi tana rainon McKennie, da ya tafi ko dala ba ta samu ba, saboda a lokacin Amurka ba ta bin tsarin FIFA na biyan ladan horo. Sai a 2019 gasar MLS ta ce za ta fara bi. A tsarin, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe, a raba wa kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu, don dokar nan ɗaya ce daga Dallas har Damagaram. Ekip ɗin unguwa a Maraɗi ko Tawa da ta raini yaro ba tare da lisans na FENIFOOT ba, ranar da aka sayar da shi ba ta da bakin magana. Masu horarwa, ku yi wa yaranku rajista da takardar haihuwarsu ta gaskiya, ban da rage shekaru. Iyaye kuma, in wani ya zo ya ce ku sayar da gona ko bisashe zai kai ɗanku mai shekara 15 wani kulob a Faransa ko Beljiyam, ku tambaye shi ta wace ƙofa. Ƙofar da ɗan sojan Amurka ya tsaya jira a bakinta har ya cika 18, ba dillalin tasha ne zai buɗe muku ita ba. Moussa Maazou sai da ya buga a ASFAN ta Yamai, ya wuce 18, sannan ya tafi Lokeren a 2008, kuma ya ci abinci da ƙwallo.

Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya tsare su daga hannun macuta.